Yadda Kwanbata Ta Fasa Famfon Giya: Nazarin Gyaran Wata Toyota Tacoma a Kano

Motar da wannan nazari ya shafa Toyota Tacoma ce, irin wadda aka ƙera daga 2005 zuwa 2015, mai injin fetur 1GR-FE mai silinda shida da girman lita 4.0, da giyabos otomatik A750F mai giya biyar wanda kamfanin Aisin na Japan ya ƙera. Tokumbo ce daga Amurka, mai ita kuwa ɗan kasuwar hatsi ne da ke zirga-zirga tsakanin Dawanau da kasuwannin ƙauyuka. Ta shiga garejin wani abokin sana'ata a Kano bayan injinta ya ɗauki zafi ya buga a kan hanya, sai mai ita ya ce tunda dai an riga an kwance ta, a yi mata gyara na gaba ɗaya, a sa wani injin, a sabunta ƙafafu da birki, a buga jiki a yi fenti. Giyabos bai shiga lissafi ba ko kaɗan, domin har ranar da injin ya mutu yana canja giya lafiya lau, kuma mai motar bai taɓa kuka da shi ba. Bayan kusan wata biyu ana aiki, ranar da aka tayar da sabon injin, sai mota ta ƙi gaba ta ƙi baya. A nan ne aka aiko yaro ya kira ni, saboda gyaran giya otomatik shi ne sana'ata.

Na tarar injin yana aiki sumul, babu girgiza babu hayaƙi. Idan aka taka birki aka ja sandar giya zuwa D ko R, harafin yana fitowa a fuskar dashbod yadda ya kamata, amma motar ba ta yin 'yar zaburar nan da kowace otomatik ke yi idan giya ta kama, kuma sautin injin ba ya sauka ko kaɗan. Ko an taka totur, inji ne kawai ke kuka kamar tana firi, furofela kuwa ko motsi ba ta yi. Kafin zuwana an ƙara mai har sau biyu, an kira mai wayarin ya bi wayoyi, har ma an fara maganar a aro ƙwaƙwalwar wata motar, wato kwamfutarta, a gwada, wai ko ta wannan ta lalace saboda daɗewar da ta yi babu batir.

Zargin lantarki shi na fara kawarwa, kuma dalilin hakan a fili yake. An tsara irin wannan giyabos ne ta yadda ko an zare masa wayoyinsa duka zai yi ribas, zai kuma yi gaba da giya guda ɗaya, domin sandar da direba ke ja tana motsa wani bawul ne kai tsaye, wanda ke buɗe wa mai hanya zuwa kulocin da ake buƙata. Aikin lantarki shi ne zaɓar lokacin da giya za ta canja, amma abin da ke matse kuloci har mota ta motsa ƙarfin mai ne. Saboda haka duk motar da ta rasa gaba da baya lokaci guda, alhali igiyar giyarta tana haɗe kuma akwai mai a cikinta, abin da za a fara tambaya shi ne ko famfon mai yana aiki. Na sa aka kwance bututun nan biyu da ke kai man giya lagireto ya huce ya dawo, muka sa bakinsu cikin galan, aka tayar da inji na 'yan daƙiƙoƙi. A lafiyayyar mota mai yakan fito da ƙarfi har sai an yi saurin kashe inji, amma a nan ko ɗigo bai fito ba. Na ɗaura agogon auna ƙarfin mai a ramin gwaji da ke gefen giyabos, allurarsa ta ƙi tashi daga sifili. Daga nan na ce kada a sake tayar da injin.

Na tambayi maigidan garejin wanda ya haɗa giyar da inji, ya ce babban yaronsa ne tare da ƙananan biyu, ranar shi ya tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wasu kaya. Na ja yaron gefe, domin ba na so ya amsa a gaban jama'a yana tsoro, na ce masa, "Ƙanena, lokacin da kuka ɗaga giyar nan, da kanta ta haɗe da inji, ko sai da kuka ja ta?" Ya ce, "Wallahi Oga, ta rage kamar faɗin yatsa ta ƙi shiga, sai muka sa dogayen noti muka ja ta a hankali har ta haɗe." Na ce, "Da za ku ɗaura notin kwanbata, tana juyawa da hannu?" Ya ce a'a, a cije take, sai da suka juya injin da dogon ƙarfe kafin ramukan suka daidaita. Wannan amsa guda biyu ta ishe ni sanin abin da zan tarar kafin a kwance ko noti ɗaya.

Sai an san yadda kwanbata take kafin a gane nauyin abin da yaron ya faɗa. Kwanbata, wadda cikakken sunanta tok kwanbata, wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe ce, kamar ƙwarya biyu da aka kife wa juna aka yi musu walda, tana zaune tsakanin inji da giyabos a gurbin da kuloci ke zama a motar manuwal. Cike take da mai, kuma akwai fanka uku a cikinta. Ta farko a manne take da jikin tukunyar, inji ne ke juya ta, tana watsa mai da ƙarfi zuwa ta biyu, wadda ita kuma ke juya sandar da ke shiga giyabos. Ta uku ƙarama ce a tsakiyarsu, tana zaune a kan wani boris da ke barin ta ta juya ta fuska ɗaya kawai, aikinta kuwa shi ne karkatar da man da ke dawowa don ya taimaki fankar farko, kuma ta haka ne kwanbata ke ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu lokacin da mota ke tashi daga tsaye da kaya. Wani injiniyan Jamus, Hermann Föttinger, ya yi rajistar wannan dabara a 1905 domin jiragen ruwa, motocin gida kuma suka fara samun ta a Amurka a 1948 da giyar Dynaflow ta Buick. Na zamani an ƙara musu kuloci a ciki, wanda ke kulle inji da giyabos su zama abu ɗaya idan an hau titi ana gudu, don a rage zafi da shan mai.

Duk wannan kanikawa da yawa sun san shi. Abin da ake yawan mantawa shi ne kwanbata tana da wani aikin a wajenta: wuyanta ne ke juya famfon mai na giyabos. Wuyan bututun ƙarfe ne mai santsi da aka yi wa tsaga biyu a bakinsa, famfon kuma wasu faya-fayan ƙarfe ne biyu masu haƙora, ɗaya cikin ɗaya, kuma na cikin yana da 'yan kunnuwa biyu da dole su faɗa cikin tsagar nan. Wato idan ana sa kwanbata, abubuwa uku ne za su shiga gurbinsu, ɗaya bayan ɗaya: haƙoran fanka ta biyu su hau sandar giyabos, haƙoran ƙaramar fanka su hau bututun da ke riƙe ta, sannan tsagar wuya ta kama kunnuwan famfo. Biyun farko ba su da wahala, domin haƙoran suna da yawa, da an ɗan juya sai su faɗa. Na ukun shi ne mai gardama. Kunnuwa biyu ne kacal, don haka a zagaye guda wuri biyu kawai suke daidaita, ga shi nauyin tukunyar yana sa wuyan ya sunkuya ƙasa, ga famfon kansa yana iya bin wuyan su riƙa juyawa tare ba tare da sun kama juna ba. Mutum zai ji faɗawa biyu, ya tura ya ji ta tsaya, ya ɗauka ta kai ƙarshe, alhali saura kusan santimita guda.

Wannan santimita ita ce faɗin yatsan da yaron ya gani tsakanin inji da giyabos. Lokacin da suka sa dogayen noti suna ja, ƙarfin notin nan ya bi ta farantin fulawil, ya tura kwanbata baya, bakin wuyanta ya hau kan kunnuwan famfo yana danna su. Ƙarfen famfon mai tauri ne amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Wani lokaci ma akan ji ƙarar fashewar tun ana ɗaure noti, wani lokaci kuma sai kik ya juya inji. Yaron ya ce da farko kik ɗin ya yi nauyi kamar batir ya yi sanyi, sannan aka ji wata ƙara ƙas, daga nan inji ya tashi ya saki jiki. Kowa a wurin ya yi murna, ba su san ƙarar nan ita ce ta famfon ba.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa wannan kuskure ya yawaita a garejojinmu, kuma ba rashin basira ba ne. Yawancin manyan kanikawanmu a kan motocin manuwal suka koyi aiki, irin su Peugeot 504 da J5 da tsofaffin Hiace, su kuma a kansu suka koyar da yaransu. A manuwal, ana fara ɗaure kuloci ne a jikin fulawil, sannan a kawo giyabos a tura sandarsa cikin farantin, idan ta ɗan cije a girgiza, wasu ma su ƙarasa da noti, kuma sau da yawa a tsira ba a ga illa ba. Hannun da ya saba da wannan tsari, idan ya zo kan otomatik, sai ya ɗauki kwanbata a matsayin kuloci, wato kayan inji. A gaskiya kayan giyabos ce, a jikinsa ake zaunar da ita, tare suke hawa, tare suke sauka, kuma haɗa ta da inji shi ne aiki na ƙarshe.

Da na bi diddigin aikin tun daga farko, sai na gane matsalar ta faro ne tun ranar kwancewa. Ba a kwance noti shida da ke haɗa kwanbata da farantin fulawil ba kafin a zare tsohon injin, don haka ta fito maƙale da shi, ta zubar da mai, kuma a hanyar fitarta ta goge oyil sil da bushin da wuyanta ke juyawa a ciki. Da an bar ta a jikin giyabos an ɗaure ta, da babu wanda zai sake fama da shigar da ita. Bayan an cire ta daga tsohon injin, an ajiye ta a ƙasan benci baki a buɗe har tsawon makonni, a lokacin da hunturu ya fara, ƙura tana sauka a kan komai. Ranar haɗawa kuma aka mayar da ita a bushe, babu mai a ciki, babu sabon sil, kuma babu wanda ya auna komai.

Mun sauke giyabos washegari, wannan karon tare da kwanbatarsa. Da muka zare famfon muka buɗe shi, kunnuwan biyu duk sun guntule, faifan ciki ya tsage gida biyu, kuma gutsuttsuran sun karce jikin famfon da murfinsa, karcen da farce ke kamawa. Bakin wuyan kwanbata ya lotsa, ya yi kaifi a gefe, sil ya yage. Wani abu ɗaya ya rage mana asara: da yake famfon ya mutu tun a daƙiƙar farko, bai samu damar tura gutsuttsuran ƙarfe cikin sauran giyar ba, kuma kulocin ciki ba su taɓa kamawa ba balle su ƙone. Duk da haka na cire kwanon ƙasa da matatar mai, na duba maganaɗisun da ke cikin kwanon, na sauke gidan bawul na wanke shi, domin ƙwayar ƙarfe ɗaya da ta maƙale a bawul ta isa ta dawo da mota gareji bayan wata guda.

Ɓangaren inji ma sai da muka duba shi, kuma wannan mataki ne da ba na yarda a tsallake. Ƙarfin da ya danna famfo ta baya, shi ne ya danna karanshaf ta gaba, a kan wasu siraran metal da ke hana shi zamewa gaba da baya. Na ɗora agogon awo a bakin karanshaf, muka tura shi gaba da baya da ƙarfe, wasan da ya nuna bai wuce abin da littafin gyara ya yarda da shi ba, wanda shi kansa bai kai rabin milimita ba. Farantin fulawil kuwa bai tsira ba. A otomatik farantin siriri ne, an yi shi ne don ya ɗan bayar, kuma da muka juya inji da hannu agogo yana kansa, sai muka ga ya karkace. Farantin da ya karkace yakan sa wuyan kwanbata ya riƙa rawa, ya cinye bushin, ya buɗe sil, daga baya shi kansa ya tsage kusa da notinsa. Muka sa shi cikin jerin abin da za a canja.

An yi muhawara kan ko a sayi giyabos na Beljiyam gaba ɗaya ko a gyara wannan. Maigidan garejin ya fi karkata ga sayen wani, don a huta. Ni na ba da shawarar a gyara, saboda wannan giyabos mun san tarihinsa, mai shi ya yi shekaru yana tuƙa shi ba tare da matsala ba, na kasuwa kuwa sai an ɗaura shi ake sanin halinsa. Muka nemo famfo da kwanbata da faranti daga mota irinta, sil da matata da gasket kuma sababbi. A nan akwai abin lura, domin A750F ɗin nan ana samun sa a bayan injin V6, ana kuma samun sa a bayan V8 na wasu motocin Toyota, kuma ƙwaryar gaba, wato gidan da kwanbata ke zama a gaban giyabos, da kwanbatarsu ba ɗaya ba ne. Sunan giya kawai bai isa ba, sai an faɗi injin da ta fito daga bayansa, an kuma jera tsohuwar da sabuwar an gwada tsayi da faɗi da hancin da ke shiga ramin karanshaf. Kafin mu karɓi kwanbatar na sa yatsa na gwada ƙaramar fankar ciki, na tabbatar tana juyawa ta fuska ɗaya tana cijewa ta ɗayar, na duba wuyan babu karce, na kuma zuba man da ya rage a cikinta a kan farar takarda don in ga ko akwai ƙyalƙyalin ƙarfe. Tsohuwar kwanbatar ban yarda a gyara bakinta da zarto a mayar ba, duk da an kawo shawarar hakan, domin rufaffiya ce, ba a iya wanke cikinta a tabbatar, ga ƙura ga gutsuttsura.

Ranar haɗawa na ce yaron nan ne zai yi aikin da hannunsa, ni ina tsaye. Mun fara da busa bututun lagireto da wanke su har man da ke fitowa ya fito tas. Ya zuba kusan lita guda ta man giya cikin kwanbatar a hankali yana juya ta don ya shiga, ya shafa mai a wuyanta da leɓen sabon sil. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya ɗora ta a kan sandar, na ce ya riƙe hancinta da hannu ɗaya yana ɗan ɗaga nauyinta, ɗayan hannun kuma yana juya ta yana turawa a hankali, ba da ƙarfi ba. Ta faɗa sau ɗaya, ta faɗa sau biyu, ta tsaya. Ya dube ni ya ce, "Oga, nan ne ta tsaya wancan karon." Na ce ya ci gaba da juyawa, ya riƙa komawa baya yana dawowa. Ya yi kusan minti uku yana fama, sannan ta yi wata faɗawa mai nauyi ta shige can ciki, har hannu ba ya iya shiga tsakaninta da famfo.

Jin faɗawa uku alama ce mai kyau, amma ba hujja ba ce, domin wani lokaci biyu sukan faɗa tare a ji kamar ɗaya, wani lokaci kuma shigar wuya cikin sil takan yi kama da faɗawa. Hujja ita ce awo, kuma littafin gyara na Toyota ya bayyana yadda ake yin sa. A ɓangaren inji, ana auna nisan da ke tsakanin fuskar da giyabos zai manne da ita da fuskar farantin da kwanbata za ta zauna a kai. A ɓangaren giyabos, ana gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin ƙwaryar, a sa kalifa, wato ma'aunin zurfi da kauri, a auna zurfi daga nan zuwa wurin da notin kwanbata ke shiga. Dole awo na biyu ya fi na farko da aƙalla milimita 1. Ma'anar wannan ita ce idan an haɗa su, kwanbata ba za ta taɓa farantin ba sai an jawo ta gaba da hannu. Yaron ya auna, ya rubuta lambobin biyu da alli a jikin benci, ya cire ɗaya daga ɗaya, ya ga akwai sarari. Aikin bai ɗauki minti biyar ba, kayan aikin kuma kalifa ce da guntun ƙarfe miƙaƙƙe.

Sauran haɗarin yana wajen ɗagawa. Kwanbatar da ta zauna daidai a ƙasa tana iya zamewa gaba idan giyabos ya sunkuyar da kai, ta saki kunnuwan famfo ba tare da kowa ya lura ba, musamman a garejin da ake ɗaga giya da jak da katako da kafaɗar yara. Mun huda wani guntun ƙarfe muka ɗaure shi a ɗaya daga ramukan ƙwaryar ya tokare ta, muka ɗaga giyar gindinta a ƙasa kaɗan, ba mu cire tokarin ba sai da ya rage kaɗan su haɗu. Mun tabbatar 'yan turakun ƙarfe biyu da ke saita giya da inji suna wurinsu, domin injin da aka sayo yakan zo babu ɗaya, ko kuma a samu biyu suna neman rami ɗaya, mun shafa ɗan giris a hancin kwanbata, mun kawar da wayoyi da bututu daga tsakani. Giyabos ya hau turakun ya manne da inji da turin hannu kawai, babu sararin da takarda za ta shiga, kuma sai bayan haka aka sa noti. Na sa yaron ya zura yatsa ta tagar da ake ɗaure kwanbata, ya juya ta. Ta juya sakayau, ya kuma jawo ta gaba ta taɓa farantin da 'yar ƙara.

Notin kwanbata shida ne, kuma a Toyota ɗaya daga cikinsu baƙi ne, shi ake fara sawa domin shi ke saita sauran. Ana sa su duka da hannu tukuna, ana juya inji, sannan a zagayo a ɗaure su da sifana mai awo gwargwadon abin da littafi ya faɗa. Biyu daga cikin na asali sun ɓace a watannin da motar ta yi a kwance, sai aka kawo wasu daga gwangwanin noti, waɗanda suka ɗan fi tsayi. Na hana a sa su. Notin da ya yi tsayi yakan tokari jikin tukunyar ya lotsa ta daga waje, kuma daidai wurin ne kulocin kullewa ke mannewa daga ciki, sai mota ta riƙa kakkarwa idan an kai gudun da yake kamawa, a yi ta neman dalili a filogi da nozil. Muka jira aka nemo na asali.

Man da wannan giyabos ke sha shi ne Toyota ATF WS, kuma idan ya bushe gaba ɗaya yana ɗaukar sama da lita 10. Wanda aka ƙara masa a kwanakin ruɗani jan man giya ne na gama-gari, duk mun zubar da shi. Ba shi da sandar duba mai, ta rami na gefe ake zubawa, a tayar da inji, a bi da sandar giya kowane matsayi, sannan idan zafin man ya kai iyakar da littafi ya ƙayyade, wanda muke karantawa a kwamfutar duba mota, a buɗe notin ambaliya da ke ƙasan kwano inji yana aiki, a bar rarar ta zuba har ta koma siririya. Da aka tayar da inji, allurar agogon ƙarfin mai ta tashi nan take, da aka sa R kuwa motar ta zabura.

Batun wanda zai biya bai kai ga rigima ba, kuma na yaba wa abokina a kan haka. Wani zai iya cewa da mai mota giyarsa dama ta gaji, kuma da wuya ya gane. Shi kuwa da mai motar ya zo, sai ya shimfiɗa masa fasasshen famfon a kan tsumma ya ce, "Alhaji, wannan ɓarnar daga wajenmu take, giyarka lafiya ta zo." Ya ɗauki kuɗin famfo da kwanbata da faranti da ladan aikina, Alhajin kuma ya ce shi zai biya mai da matata, tunda ko ba komai lokacin canja su ya yi, ya kuma amsa cewa shi ma ya matsa lamba a gama masa kafin kasuwar kaka ta yi nisa, sauri kuwa ya haifi nawa.

A ra'ayina, kason yaron a wannan laifi shi ne mafi ƙanƙanta. Ya ga giya ta ƙi haɗewa, ya ga kwanbata ta cije, ya ji kik ya yi nauyi, kuma a kowane mataki ya ci gaba, wannan gaskiya ne. Amma ya yi shekaru a garejin ba wanda ya taɓa nuna masa cikin famfon giya, ba kalifa a akwatin kayan aikinsu, kuma ya taso ne a tsarin da yaron da ya tsayar da aiki ya ce ya kasa yake shan faɗa fiye da wanda ya ƙarasa shi ta kowace hanya. Na faɗa wa maigidansa haka a keɓe, kuma bai musa ba. Fasasshen famfon ma na roƙa kada a sayar wa 'yan gwangwan, a ajiye shi a nuna wa ƙananan yaran inda kunnuwan suke da yadda wuya ke kama su.

Mun gwada motar a hanyar Katsina, muka wuce Dawanau muka juyo, kwamfuta tana haɗe. Giya biyar ɗin duk sun shiga a kan lokaci, kulocin kwanbata ya kulle ba tare da kakkarwa ba, zafin mai bai haura ba, kuma da muka dawo muka hau rami, ƙasan ƙwaryar a bushe yake. Na nemi a dawo da ita bayan mako biyu tana aiki da kaya. Da ta dawo muka sauke kwanon, man yana nan ja, babu ƙauri, maganaɗisun kuma sun kama ɗan laushin baƙin gari irin wanda ake samu a kowace giya, ba tare da gutsure ko ɗaya mai ƙyalli ba. Muka wanke kwanon, muka mayar, muka cika man da ya fita, muka sake duba ma'auninsa a zafin da ya dace, Alhajin ya karɓi makullinsa ya nufi kasuwa.